Yadda Baba Ya Ci Kifi a Alƙahira

Maganar nan ta daɗe tana yawo cikin dangi, kuma na san ta iso kunnenku, ku 'ya'yana, tun kuna ƙanana: wai ni Kulu na ɗauki ubana marar lafiya na kai shi ƙwadago wurin Larabawa a Misira. Ranar sunan jikata ma sai da wata ta sake jefo ta, tana 'yar dariya, wai wasa take yi. Ban tanka ba don taro ne, amma ni ba a yi mini wasa da ubana. Tunda yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni a nan Badariya ta Birnin Kebbi, ba makaranta ba kasuwa, bari in rubuta muku yadda aka yi tun ina da sauran hankalina. Ba haƙuri nake ba kowa ba, don ban yi abin ba da haƙuri ba.

Kakanku masunci ne ɗan masunci. Gidanmu na Argungu, in ka tsaya a ƙofa kana hango gulbi, kuma mun tashi ƙarnin kifi bai taɓa barin tsakar gidanmu ba. Mutum ne dogo, mai faɗin ƙirji, mai ƙarancin magana. Da ciwo ya kama shi a hanji, muna kallo ya zube har rigunansa suka yi masa yawa. Likitocin gida suka ce sai an yi aiki, kuma gara a fita da shi. Wana, Yaya Garba, wanda kuka sani da fataucin shinkafa a Nasarawa, shi ya ɗauki nauyin komai, jirgi da asibiti da hayar gida. Wannan ku rubuta masa, don ni ban taɓa ɓoye alherinsa ba. Ni kuma aka zaɓe ni jinya saboda ina koyar da Larabci a firamare, aka ce ai bakina zai yi amfani. Babanku ya ce in je, shi zai riƙe ku. Muka tafi mu uku, Yaya ya kama mana ɗakuna a saman wani dogon bene, ya ga an fara magani, sannan ya koma wurin kasuwancinsa.

Likitan Alƙahira bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce wannan tsoho ba zai ɗauki wuƙa a haka ba, jikinsa ba ƙarfi, jininsa ya yi ƙasa. Sai ya ci abinci ya yi nama, sannan a yi aiki. In bai ci ba, ba aiki, kuma ciwon ba zai jira mu ba. To, Baba kuwa ba ya ci. Abincin asibiti ko kallo bai ishe shi ba. Gurasarsu ya ce ba ta da maraba da faifai. Nama dama can bai dame shi ba. Ruwan shayi da 'yar kurɓar kunu, shi ke nan, sai ya juya fuska bango. Wata safiya ina gyara masa filo ya riƙe hannuna.

“Kulu, kak ki bari a rufe ni ƙasar ga. Ko da numfashi guda ya rage mani, ki maishe ni Argungu.”

“Da ƙafarka za ka koma, Baba,” na ce masa, ina faɗa ne kawai, ban san ta yaya ba.

Da farko a wani babban kanti nake cefane, irin mai sanyi kamar cikin randa, komai a naɗe cikin leda, ba mai ce maka sannu. Sai matar maigadin benenmu ta ga ledojina ta kama baki, ta ja ni bayan masallacin unguwa, ta nuna mini kasuwar talakawa. Wayyo, ranar na ji kamar an kwance mini ɗaurin ƙirji! Lungu ne siriri, amalanken jakai na kutsawa, masu kaya na ta kwarara ihu, ƙasa duk ɓawon albasa da ruwan wankin ganye. Sai dai komai nasu bisa sikeli yake. Ba kashi-kashi, ba mudu, ko tattasai kake so sai an auna. Na buɗe baki da Larabcina na littafi, sai kasuwa ta ɗauki dariya, wani mai tumatir ya ce a yi shiru malama za ta yi huɗuba. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Na ce masa huɗubar kan masu tauye awo ce, ya matso kusa. Daga ranar ya zama mutumina.

A nan na haɗu da Ummu Sayyid, wata ƙatuwar mata mai baƙaƙen kaya, tana zaune bisa akwatin katako tana tsinke wani ganye. Na tsaya, na ɗauki reshe guda na murza na sunsuna. Lalo ne, wanda mu muke kira tungurnuwa, ga shi tuli guda a tsakiyar Misira! Gefenta ga kuɓewa 'yan ƙanana, gaba kaɗan ga zoɓo a buhu, ga tsamiya, har da goriba. Na ce ashe mutanen nan 'yan'uwa ne, nisa ne kawai ya raba mu. Da ta gama auna mini na tsaya ina jiran gyara, ita kuma tana jiran in wuce. Da na yi mata bayanin cewa a garinmu ba a sallamar mai saye sai an ɗora masa wani abu a kai, ta yi dariya har da hawaye, ta dumbuzo barkono ta watsa mini a kwando. Albasarsu dai ba ta kama ƙafar ta fadamarmu ba, kuma na gaya musu haka a gabansu. Shinkafarsu gajera ce mai danƙo, ta yi tuwo fiye da yadda na zata.

Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar lalo, na kai wa Baba ina ta rawar jiki. Ya yi loma biyu, ya juya miyar da yatsa, ya dube ni.

“Miya ba kihi?”

Na ce to, in kifi ne matsalar, ta ƙare. Na kawo na ƙanƙara, na teku, bai ma bari na buɗe kwanon ba. Ban yi mamaki ba, tsofaffinmu da yawa ba sa cinsa. Washegari Ummu Sayyid ta bar wa maƙwabciyarta kayanta, ta riƙe hannuna har layin masu kifi, can ƙarshen kasuwa. Ku 'ya'yan nan, in ce muku karfasa na gani cikin baho tana motsi! Ga tarwaɗa tana mulmula, ga ragon ruwa da gashin bakinsa, sak irin na gulbinmu, an kamo su daga kogin Nilu da safiyar nan. Na duba matsantsinsu, wato inda suke numfashi, ja wur, na zaɓi karfasa mai ƙiba, na yi ciniki kamar ba gobe. Na dafa ta da tsamiya da barkono yadda Innarmu take yi masa. Tun ƙamshin bai gama cika ɗaki ba na ji motsi, na leƙa na ga Baba ya tashi zaune da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya wanke hannu, ya jawo kwano, ya yi bisimilla. Sai hannun ya tsaya a sama.

“Wa ak kama shi?”

Ni kuwa baki har kunne na shiga ba shi labari, yadda na je layin masu kifi, yadda mai kifin ya so ya cuce ni a sikeli na ƙi. Ina cikin zuba na ga ya janye hannunsa a hankali, ya goge a zanen gado, ya tura kwanon gefe.

“Saye kinka yi.”

“To Baba, da sata zan yi?”

“Kulu, tun da uwata ta yaye ni ban ci kihin saye ba. Ubana bai ci ba. Gidanmu ko ka kama da hannunka, ko ka sa hannu ga aikin taru a ba ka rabonka.”

A gidan aka haife ni, amma ban taɓa sanin wannan ba, don ba a taɓa sayen kifi a gidan ba balle maganar ta taso. Sai a lokacin na tuna duk zuwan da yake yi gidana a Birnin Kebbi, da kifinsa yake zuwa a ƙunshe, ya ce a dafa masa daga ciki. Shekara da shekaru ina ɗaukar abin tsaraba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga wa ubana murya, abin da ban saba ba.

“Baba, wannan fa ba addini ba ne! Wane littafi ya hana? Mutuwa za ka yi saboda sikeli?”

“Ban ce haramun na ba, malama,” ya ce, ko fushi bai yi ba. “Ba shi wuce mani ga wuya, shi ke nan.”

Na kira Yaya Garba a waya na gaya masa. Ya yi tsaki, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, in saya in ce masa wani ne ya ba mu kyauta. Na ƙi. Na san ubana. Kyautar wanda bai sani ba sadaka ce a wurinsa, ba zai taɓa ba. Kuma mutumin da ya shekara sittin yana karanta fuskar ruwa, fuskata ce za ta gagare shi? Ranar da ya kama ni da ƙarya, ko kunun ma ya daina karɓa daga hannuna, kuma kunun nan shi kaɗai ke riƙe da ransa.

Da safe na je kasuwa ba don sayen komai ba. Na zauna gefen Ummu Sayyid, ina taya ta tsinkar lalo, hawaye na zuba cikin ganyen mutane. Ta matsa mini da tambaya, na kwashe duka na gaya mata, ina jiran ta yi dariya irin ta ranar gyara. Ba ta yi ba. Ta buga ƙirji ta ce, “Ya Allah! Mutumin ruwa kika kulle a saman bene? Ai sai ki kai shi bakin ruwa, 'yar'uwa.” Ta ce akwai wani tsoho, Rajab, mijin ƙanwarta, da shi da matarsa cikin kwalekwalensu suke kwana a ƙarƙashin wata gada, kowace safiya nan yake fito da abin da ya kama. Na roƙe ta kada ta shirya komai da shi, kada ta ce masa ya ba mu ko ƙaya. Ta gaya masa kawai wani baƙo marar lafiya yana son ganin kogi.

Nan ne na yanke shawarar da ake zagina a kanta har yau. Likita ya ce Baba ya huta. Yaya ya ja mini kunne kada in sauko da shi daga benen nan sai in asibiti za mu. Ga lokacin sanyinsu ne, mai shiga ƙashi. Duk na sani, kuma ban shawarci kowa ba, don na san amsar da za a ba ni. Na duba na ga hutun nan shi ke kashe shi a hankali. Bayan sallar asuba na sa masa riguna bisa riguna, na naɗe masa wuya da mayafina, maigadi ya taya ni saukowa da shi, muka shiga tasi.

Tun kafin mu ga ruwan na ga hancinsa ya buɗe. Muka gangara ta wasu matakala, yana dafe da kafaɗata, nauyinsa bai fi na yaro ba. Da muka isa gaɓa ya sake ni, ya tsuguna, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya sunsuna, ya taɓa a harshe.

“Ruwan daɗi na,” ya ce. “Gulbi na sosai.”

Rajab na zaune bisa wani dutse, ɗan siririn tsoho mai rawani, ya saƙale taru a babban yatsan ƙafarsa yana ɗinke wata ƙatuwar ɓaraka. Suka yi sallama, iyakar Larabcin Baba ke nan. Na shimfiɗa masa buhu ya zauna yana kallo. Yana kallo yatsunsa na motsi bisa gwiwa. Can dai ya kasa daurewa, ya matsa, ya kama ɗaya bakin ɓarakar, ya miƙa hannu. Rajab ya dube shi, ya dubi hannun, duk tabon ƙugiya da kantar igiya, sai ya lalubo wata 'yar sandar ɗinki da zare a jikinta ya ba shi. Ɗaurin Baba daban, na Rajab daban. Kowa ya ja na ɗan'uwansa ya ga bai kwance ba, suka yi wa juna dariya. Wannan ya faro daga dama, wancan daga hagu, har suka haɗu a tsakiya. Ni ina gefe ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da rana ta ɗaga, Rajab ya tashi ya shiga kwalekwale. Ya fito da karfasa biyu da ragon ruwa, ya zura musu kara ta matsantsi, ya ajiye a gaban ƙafar Baba. Bai miƙa masa a hannu ba, ya koma kan dutsensa. Wallahi ba wanda ya koya masa, haka ake yi a bakin gulbinmu. Baba ya ɗauka bai ce na gode ba, don ba a godiya kan rabo. Ni kuwa da halin 'yan birni har na fara laluben jakata.

“Kulu,” ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, “bar jikkar ga.”

Ranar Baba ya ci tuwo. Ya cinye karfasa guda, ya tsotse kan, ya jera ƙayoyin a bakin kwano yadda ya saba, ya ce ko akwai sauran miya. Na shiga madafa na rufe ƙofa, na yi sujada a kan siminti, na yi kuka har na gode Allah. Daga nan ya zame mana aiki. Da safe bakin kogi, daga can mu biyo ta kasuwa. Ummu Sayyid ta ba shi akwatinta ya zama kujerarsa, yana zaɓar mini kuɓewa yana kushe albasar mutane da Hausa, su kuma suna kiransa Hajji suna ba shi shayi. Wata ran taru ya ɗinka, wata ran ƙugiyoyi ya ɗaura, in jikin ba daɗi ya riƙe bakin igiya kawai, kuma kullum da rabonsa. Kumatunsa suka fara cikowa, muryarsa ta dawo har yana yi mini faɗa.

Ana haka wani mutumin wajenmu da ya kawo matarsa asibiti ya biyo mu ganin kogi, ya ɗauki Baba hoto da waya, yana zaune cikin laka, taru a ƙafa. Ba da mugunta ya yi ba, murna yake yi tsoho ya samu sauƙi. Hoton ya riga mu isa gida. Yaya Garba ya kira ni, tun ban gama sallama ba ya rufe ni da faɗa.

“Kulu, kin haukace? Na kashe abin da nik kashe don ubana shi huta, ke kuma ki kai shi ga laka shina yi ma Balarabe ɗinkin taru? Duk Kabi an gani! Cewa aka na bar shi da yunwa!”

“Yaya, yana cin abinci.”

“Ban tambaye ki ba! Daga yau kak ki sake fita da shi. In wani abu yas same shi, ke ta.”

“Na ɗauka,” na ce. “Gobe ma za mu.”

Ba zan ce muku ban ji tsoro ba. Bayan wannan wayar da 'yan kwanaki tari ya kama Baba, da zazzaɓi, ya kwanta. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba a rayuwata, na ce shi ke nan, sanyin kogi ya kashe shi kuma ni na kai shi. Rajab da ya ga shiru, sai ga matarsa har saman bene da taru a buhu, wai aiki ya taru, Hajji ya taimaka daga gado. Washegari ta dawo ta karɓi tarun ta ajiye kifi. Allah ya sa tarin ya wuce. Da muka koma asibiti likita ya auna shi, ya duba jininsa, ya ce yanzu kam za a iya. Aka yi aiki, aka yi nasara, muka ƙara watanni yana murmurewa.

Rabonsa na ƙarshe da yawa Rajab ya ba shi. Na banda shi a rufin bene, hayaƙi ya tashi, maƙwabta suka fito suna ta masifa, na ba su haƙuri da Larabcin huɗuba. Na ƙunshe shi cikin kayanmu. Ummu Sayyid ta rungume ni a tsakiyar kasuwa, ta cika mini leda da busasshen lalo ta ce wannan gyara ce.

Da ƙafarsa Baba ya shiga gidansa na Argungu. Yaya ya tara jama'a, an yi girki na gani na faɗa, kuma don ya wanke sunansa ya sa an nemo masa giwan ruwa mafi girma a kasuwa. Aka kawo wa Baba a babban tire, zaure cike da mutane. Ya wanke hannu, ya dubi kifin, ya yaba girmansa. Ni ina daga soron ciki, na san abin da ke tafe, na runtse ido.

“Wa ak kama shi?”

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya sa masa albarka, doguwa, ya ce duk wanda ke wurin ya shaida Garba ne ya kai shi Misira da guminsa, Allah ya ba shi masu yi masa. Ya ce a raba wa jama'a kifin su ci. Sannan ya ɗaga murya ya ce Kulu ta kawo masa nasa da ke cikin jaka. Na kawo, ɗan busasshen kifin Nilu a tsohuwar jarida, ya ɓare ya ci da tuwo a gaban kowa.

Yaya bai iya yin fushi da Baba ba, sai ya yi da ni. Muna gaisawa a biki da ta'aziyya, amma har ya koma ga Allah bai sake cin abincin hannuna ba. Abin ya yi mini ciwo, yana yi mini har gobe, don shi ya goya ni ina ƙarama. Na yi hasarar wana a kan wannan shawara, kuma da za a mayar da ni saman benen nan, da asuba zan sake naɗe wa Baba wuya mu sauka. Ya ƙara damina da yawa a duniya, ya ga haihuwar autarku, ya sake shiga gulbi da goransa na su. A ɗakinsa ya cika, aka rufe shi a Argungu kusa da ubansa, inda ya roƙe ni.

Saboda haka in aka sake ce muku uwarku ta kai kakanku ƙwadago a Misira, kada ku yi musu, kada ku yi faɗa da kowa. Ku ce e, ta kai shi. Ku ce kuma ya ci abinci.